Ranar da aka yi gwanjon ƙarfena a Legas

Kakana a Maƙera Assada ya yi ƙira, da zugazugi da uwar maƙera. Baba ya gaje shi. Ni da na taso sai na kama injin walda, kuma har gobe abincina yana cikin ƙofofi da tagogi da ƙafar tankin ruwa. Amma akwai wani abu da nake yi bayan la'asar idan aiki ya lafa: ina tsince ragowar ƙarafa, sifirin mota, bakin garma da ya cinye, guntayen bututu, in yi ta harhaɗa su har sai sun tsaya yadda idona ya gamsu.

Tun farko na je na tambayi malaminmu, don ba na son in wayi gari ina ƙera gunki. Ya zo da kansa ya duba. Babu kai, babu fuska, babu surar mai rai, lanƙwasa ce kawai da ta ɗauko dagi irin na zayyanar soro. Ya ce in ci gaba.

Wani yaro da ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zo hidimar ƙasa Sakkwato, shi ya ga mafi girmansu a bayan shago. Ya daɗe yana zagaya shi, sannan ya buɗe waya ya nuna mini aikin wani Ba'amurke, David Smith. Abin da ya kama ni game da mutumin nan shi ne mai walda ne kamar ni. Ya yi aiki a masana'antar motoci ta Studebaker, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma ya yi waldar tankokin yaƙi. Wani aikinsa mai suna Cubi XXVIII, na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, an sayar da shi dala miliyan 23.8 a gwanjon Sotheby's a Amurka cikin Nuwamba 2005, shekara 40 bayan mutuwarsa. Yaron ya kuma nuna mini Sokari Douglas Camp, 'yar Buguma ta jihar Ribas da ke zaune a Landan, ita ma da walda take aiki. Ban yi mafarkin miliyoyin dala ba. Na dai gane cewa abin da nake ɓoyewa a bayan shago yana da kasuwa.

Yaron nan shi ya haɗa ni da wani gidan gwanjo a Legas. Suka nemi hotuna ta kowane ɓangare, tsawo da faɗi da nauyi, shekarar da na yi shi, da shaidar cewa ni na ƙera. Sun fi damuwa da wannan takarda fiye da ƙarfen. A wurin ɗan jari-bola aikin nan kilo ne, a ɗora a sikeli a biya. A can kuwa sunan mai aikin ake saye, da inda aka taɓa baje kolinsa, da wanda ya taɓa mallakarsa. Ni ba ni da ko ɗaya, sai suna da na rubuta da wutar walda a gindinsa.

Suka sa masa ƙiyasi, daga kaza zuwa kaza, wanda za a buga a littafin gwanjo. Sannan suka ce in faɗi mafi ƙarancin kuɗin da zan yarda a sallama, wanda masu taya ba za su sani ba. A nan na yi kuskure. Na yi lissafi irin na ƙofa: kuɗin ƙarfe, sandunan walda, man janareta, da ladan hannu. Na manta da akwatin katako da kafinta ya yi masa. Na manta da kuɗin mota na kusan kilomita 1,000, da masu ɗorawa da masu saukewa. Na manta da la'adar gidan gwanjon, wadda za su cire daga abin da aka sallama, alhali kuma mai saye ma yana biyan tasa la'adar a kan farashin, abin da ke sa ya riƙa taya da taka-tsantsan.

Sai kuma tsatsa. Wannan ta ba ni ciwo ƙwarai. A Sakkwato ƙarfe zai yi watanni a waje lokacin rani bai canza launi ba, saboda iskarmu busasshiya ce. Iskar Legas damshi ne da gishirin teku. Mako biyu da isarsa suka turo hoto, duk bakin waldar ya yi ja. Ni na goge shi na bar shi tsirara don ina son a ga sawun injin gurza, ban shafa masa komai ba. Dole aka kira wani ya sake gogewa ya shafa masa abin kariya, kuɗin kuma a kaina. Hannun wani ya taɓa aikina ban gani ba.

Ranar gwanjon da dare muka zauna ƙofar gida, ni da Baba da ƙanena, muna kallo kai tsaye a waya. Da aka zo kan nawa sai ɗakin gwanjon ya yi shiru, har gabana ya faɗi, don an riga an gaya mini cewa abin da ya yi kwantai a gwanjo yana wuyar sake samun mai taya. Can wani ya ɗaga hannu. Wata mata da ke riƙe da waya ta ƙara. Mutumin ya sake ƙarawa. Aka tsaya nan, kaɗan sama da abin da na rubuta.

Baba, wanda ya shekara hamsin yana ciniki a kasuwar Kara, ya dafa gwiwata ya ce, "Wanga tayi ya yi kaɗan. Ce albarka mana!"

Na ce, "Baba, ba a cewa a nan. Albarkata na riga na rubuta ta tun wata biyu da suka wuce."

Bai ce komai ba. A kasuwarmu mai kaya yana da baki har zuwa ƙarshe. A taya, ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, a ƙara, ya ga fuskar mai saye kafin ya ce na sallama. A can gudumar mai gwanjo ce ta sallama a madadina, cikin ƙasa da minti biyu, ga wani da har yau ban san sunansa ba.

Kuɗin sun shigo bayan sati biyar. Da na cire komai, abin da ya rage bai wuce ribar manyan ƙofofi uku ba. Ban yi nadama ba, domin yanzu sunana yana cikin littafin gwanjo da farashi a gefensa, kuma gidan sun nemi in turo hoton na biyu. Shi ne nake kai yanzu. Wannan karon zan shafa masa kariya da hannuna kafin ya bar Sakkwato, kuma na ce wa Baba shi zai yanka mafi ƙarancin farashin. Jiya da safe ya zo shagon da sandarsa, ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa sifirin da ke sama ya saurari ƙarar, ya ce in ba shi kwana uku.