Ban gajiya da godiya, musamman ga ƙawayena

Salama gare ku 'yan'uwa da abokan arziki, yaya gajiyar Lahadi? Tun ranar nake so in rubuta wannan amma baƙi basu gama watsewa ba sai jiya, ga wanke-wanke ga mayar da kujeru da bencina da aka aro, sai yanzu na samu na zauna. Duk wanda ya tako ƙafarsa yazo sujadar godiyar da mukayi saboda kammala karatuna na NCE, wato takardar shaidar malanta, da wanda ya bugo waya, da wanda ya aiko da saƙo bai samu zuwa ba, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Wasu tun daga Jos da Kafanchan da Zariya suka taso a wannan tsadar mota, wasu kuma kan babur daga ƙauyukan bayan Saminaka cikin laka da yayyafi, na ganku duka ko da ban samu na riƙe hannun kowa ba.

Godiya ta farko ga Ubangiji ne, shi ya bani numfashi da lafiyar da na kai ƙarshe. Sai Baban yara, paston ikilisiyarmu, wanda da bai amince ba da maganar nan bata ma taso ba, shi ya tsaya gaban dattawa yace matata zatayi karatu kuma ikilisiya ba zata rasa komai ba, ranakun jarabawa shi yake ɗaukata a babur ya kaini bakin titi tun duhu bai gama washewa ba sannan ya dawo yayi addu'ar safe da jama'a. Baba na gode, Allah ya ƙara maka shafewa da tsawon rai. Iyayena 'yan Zumuntar Mata kun fito da zanenku iri ɗaya, da tulu da ganga da kacau-kacau, kun rakani da waƙa tun daga ƙofar majami'a har gaba, kune kuma kuka kwana kan murhu, shinkafar nan da waina da kunun zaƙi duk hannunku ne. 'Yan kwaya, 'yan Sabon Rai, matasan da suka kafa rumfa suka kuma kwance ta da dare, dattawan ikilisiya, surukata da ta riƙe min yara ba sau ɗaya ba, kowa Allah ya biya shi.

Amma akwai mutanen da ranar ban iya faɗin abinda sukayi min ba don da na buɗe baki kuka ne zai fito, su ne dalilin wannan dogon rubutun, kuyi haƙuri da tsawonsa.

Lokacin da Baba yake karatun pasto a Kagoro mu matan ɗalibai muma muna da namu ajin, an koya mana Littafi Mai Tsarki, yadda ake bi da addu'a, yadda ake karɓar baƙo, ɗinki da kula da gida, kuma har gobe ina cin moriyar koyarwar nan. Da aka turamu ikilisiyarmu ta farko ina yarinya ƙarama, mata sa'o'in mahaifiyata suna rusunawa suna ce min Mama, kowa ya kawo kukansa, wadda miji ya doka, wadda ɗanta ya shiga shaye-shaye, wadda bata da abin sawa a tukunya, ki zauna ki saurara kiyi addu'a ki rufe sirrin a cikinki. Aiki ne mai albarka kuma bana nadamarsa ko kaɗan. Sai dai ke naki kukan babu inda zaki kaishi. In kika cika shiga gidan mace ɗaya a ikilisiya sai ace Mama ta ware wasu, in kika faɗi ra'ayinki akan wani abu sai a ɗauka bakin pasto ne yayi magana, in ranki ya ɓaci da maigida kamar yadda kowace mace takeyi to wa zaki gayawa, membarsa? Gidan ma na ikilisiya ne, ƙofarsa bata rufuwa, kuma kafin ki saba da wata har ku fara sakin jiki takardar canjin wuri ta iso, a ɗaure kaya a tafi wani gari a sake farawa daga gaisuwa. Ko ECWA kike ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Baptist, matar pasto tasan abinda nake faɗi. Kina tsakiyar mutane daga safe har dare amma ba mai tambayarki ke me kikeso, har kema ki daina tambayar kanki. Ni dai na kai matsayin da in akace in faɗi wani abu guda da nake so wanda bai shafi Baba ko yara ko ikilisiya ba sai inyi shiru.

Maƙwabciyata Malama ita ce mutum ta farko da ta min wannan tambayar. Musulma ce, malamar firamare, katanga ɗaya ta raba gidansu da harabar majami'a, a wajen injin markaɗe muka fara gaisawa. Ta daɗe tana jin muryata ta kan katanga ina koyawa yaran unguwa karatu da lissafi da yamma, har nata yaran suna tsallakowa, wata rana tace min ke wai me kika karanta ne? Nace sakandare na gama, sakamakon yana ƙasan akwati tun kafin aure. Tace ɗauko in gani. Ta duba ta dubeni tace wannan takardar bata kamata ta kwana a akwati ba, ke malama ce, hannunki ne kawai babu alli.

Ita tayi min bayanin NTI, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna wadda aka kafa tun 1976, cewa suna da tsarin NCE na karatu daga gida, a baka littattafanka ka karanta, ka riƙa zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu, ba sai mace ta bar gidanta ta tare a kwaleji ba. Tace min yanzu NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a ƙasar nan, duk iyawarki in babu ita sai dai kiyi ta koyarwa a tsakar gida. Da ƙafarta ta rakani kafe aka cike fom, kuɗin hoton fasfo ma daga jakarta ya fito don ban fito da shirin haka ba. Tun ranar da ta ga sunana na yanka a fom ɗin bata sake kirana da wani suna ba, kuma gaskiya na daɗe rabon da inji shi a bakin wani in ba 'yan gidanmu ba.

Nasan anyi magana akan ƙawancenmu, ta ɓangarena da ta nata. Bana ganin laifin masu tsoro, duk wanda ya rayu a jihar Kaduna ya ga abinda ya faru bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafanchan da sauran wurare yasan akwai gidajen da har yau ciwon bai warke ba, Kirista da Musulmi. Amma ni abinda na gani da idona shi zan faɗa. Malama bata taɓa ce min in bar Yesu ba, nima ban taɓa raina sallarta ba, in lokaci yayi muna karatu a ɗakina ga buta ga tabarma na ajiye dominta, tayi sallarta mu cigaba. Naman layya yana shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti tana shiga nasu. Kuma saboda ita ba 'yar ikilisiya bace zan iya ce mata yau na gaji, yau raina a ɓace yake, ta saurara, in nice da laifi ta gaya min a fuskata ba tare da ta rusuna ba, maganar kuma ta mutu a nan. Malama, 'yar'uwata, Allah ya raya miki zuri'a, ya kai Malam ga abinda yake nema, ki miƙa masa godiyata da ya barki kina shigowa gidan pasto ba tare da ya taɓa ɗaure fuska ba.

Sai 'yan ajinmu, mu huɗu da muka haɗa kai a cibiya. Akwai Yaya, gwauruwa ce, mijinta ya rasu ya barta da yara, tana sarin masara a kasuwar Saminaka tana karatu a lokaci guda. Akwai 'yar Katolika ƙaramarmu mai kan lissafi wadda ta zauna dani akan darasin ƙididdiga har na gane, bata taɓa nuna ta gaji ba. Akwai kuma mai ɗinkinmu da take zuwa aji da jariri a baya. A cikinsu ni ɗaliba ce kawai, in nayi latti su min faɗa, in na ci jarabawa su min guɗa, benci ɗaya kwano ɗaya. A wajensu na gano ina son darasin zamantakewa da taswira sosai, ina son gardama akan tarihi, kuma ashe ina da dariya mai ƙarfi, shekaru ina danne ta don kar ace Mama bata da kamun kai.

Farkon 2023 da aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda sauya naira, kina da kuɗi a banki amma babu na hannu da zaki ba mai babur, Yaya ce take ware mana 'yan canjin da ta samu a kasuwa mu tura mata ta waya in netwok ya yarda. Bamu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya ninka, mutane da dama a ajinmu suka daina zuwa. Mu sai muka kafa adashi, kwasar kowa ana daidaita ta da lokacin biyan kuɗin makaranta, wadda tafi matsuwa ita ke fara ɗauka. Ni albashin pasto na ƙauye kowa yasan yadda yake, rabinsa ma hatsi ne da kaka, ba dan adashin nan ba da na tsaya a hanya.

Abinda yafi tsaya min a rai shi ne rasuwar mahaifiyata ana tsakiyar karatun nan. Jama'a sunzo ta'aziyya sosai kuma na gode musu, amma kusan kowa abu ɗaya yake faɗi, Mama ke ce mai ƙarfafa mu, kar ki bari a ga hawayenki. Da kyakkyawar niyya suke faɗi na sani. Na daure na karɓi gaisuwa na bi da waƙa har aka binne. Da dare sai ga Malama da Yaya, suka jani ɗaki suka tura ƙofa, Yaya tace nan babu membar kowa, uwarki ce ta mutu, yi kukanki. Nayi kuka kamar ƙaramar yarinya suna riƙe dani ba wadda ta ce min in yi shiru. Bayan nan nace na haƙura da karatun, zuciyata bata ɗauka, ƙaramarmu ta riƙa kwafo min duk abinda akayi a aji tana kawowa har gida, mai ɗinki ta ɗinka min kayan da zan saka in fita koyarwar gwaji tace in ban saka ba ita da ni. Haka na koma. Ranar da na tsaya gaban 'yan aji uku da alli a hannuna suka miƙe suka gaisheni, naji a jikina cewa wannan aikin nawa ne, Allah ya ajiye min shi tun tuni.

A kwanakin makokin nan na riƙa komawa kan labarin Alisabatu a Luka sura ta fari. Itama matar firist ce, matar Zakariya, da ta samu ciki ta ɓoye kanta wata biyar, sai Maryamu ta taso ta hau ƙasar tuddai ta Yahudiya tazo wajenta ta zauna kamar wata uku. Na sha karanta wurin ina koyar da mata amma ban taɓa lura cewa matar mai hidima ma Allah ya ga tana bukatar wata mace a ɗakinta ba sai da abin ya faru dani. Shi yasa nake roƙon iyayena mata da dattawa a duk inda kuke, in kunga matar pastonku tayi ƙawa kar ku sa mata ido, ku barta, ba rage muku ita akeyi ba. Ni tunda na samu waɗannan matan na fi jin daɗin zama da 'yan zumunta, na fi haƙurin sauraro, Baba da kansa ya shaida haka ranar Lahadi a gaban kowa. Ina nan matar pasto kamar da, ina alfahari da hakan, kuma ni malama ce, kuma ƙawar wasu ce.

Masu tambaya me ya rage, jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ce a gaba don samun rajistar koyarwa, mu huɗun zamu zauna tare, ku sa mu cikin addu'a, musamman Yaya da take neman gurbi kusa da gida saboda yara. Makarantar yamma ta yaran unguwa kuma bata tsaya ba, duk mai so ya turo nasa, Kirista ko Musulmi, babu ko sisi.

Akwai kuloli guda uku da babbar tukunya da wani mayafi ruwan toka da aka bari a gidan pasto, mai su ya aiko yaro ko ya kirani. Hotuna suna wajen sakataren matasa zai saka a guruf. Waɗanda ke nesa kuma ku bani zuwa bayan girbin masara, zan biyo ku gida-gida ban gajiya in Allah ya yarda. Na gode, na gode, Allah ya albarkace ku duka.