Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ledar fitsarin Baba

Salam jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda aka tura Baba ɗakin tiyata a Delhi, ni kuma ina baranda da carbi kamar zan tsinka shi.

To aikin kam an yi lafiya, ko cikinsa ba a tsaga ba. Ta matsematsinsa suka bi hagu da dama, suka zura wani bututu na yadi mai ragar ƙarfe har cikin babbar jijiyar jinin nan ta cikinsa da ta kumbura, faɗin tasa ya kai santimita 6, su kuma daga 5.5 suke cewa a yi wa namiji aiki kar ta fashe. Ni a tunanina shikenan sai haɗa kaya. Ashe ƙoda ce sabon zance.

Duk nas ɗin da ta shigo ba fuskar Baba take fara kallo ba, ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado take ɗagawa ta rubuta, har Baba ya ce min "Auta, wai ni suka zo dubawa ko fitsarina?" Sai da tafinta ya zo likitan ya zana mana a bayan takarda. Jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini daga jikin babbar jijiyar suke fita, dab da saman kumburin, bututun kuwa a ƙasansu kaɗan yake kamawa, in ya haura sama ko da ɗan yaya ne ya toshe musu baki. Kuma ƙoda ba ta wasa da jini, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zuciya ke bugowa ita ke karɓa.

Na Baba ya zauna daidai, amma ashe ƙodarsa ta hagu tana da wata 'yar ƙaramar jijiya ta biyu can ƙasa, wai kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka Allah ya halicce shi, ita dole bututun ya rufe ta, ɗan yankin da take ciyarwa ya tafi kenan. Ga kuma ruwan rinin da suke ɗurawa don hoto ya fito, shi ma yana wahalar da ƙoda. Kwana na uku gwajin kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke hawa in ƙoda ba ta aiki yadda ya kamata, ya hau, wallahi ranar ban iya cin komai ba, wankin ƙoda kawai nake hangowa da kuɗin da ba mu da su, don gonar Baba muka sayar muka zo.

Suka yi ta ƙara masa ruwa, aka yi hoton dofla aka ga jini na shiga ƙodojin biyu, wajen kwana goma gwajin ya sauko, bai dai koma yadda yake da ba. Likita ya ce ba shi ba dikilofenak ɗin da yake saya a kemis don ciwon gwiwa, taba kuwa ko a mafarki, a riƙa auna hawan jini, a dawo hoto bayan wata ɗaya sannan duk shekara.

Baba ya saurara tsaf, sannan ya ce min "tambaye shi azumi fa, saura sati uku." Yadda suka ƙare da likitan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.