Horon da Ake Mantawa da Shi a Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne yadda ake tura ma'aikata bita, su dawo da takardar shaida da ƙwarin gwiwa, amma kafin a yi wata uku kowa ya koma 'yar gidan jiya. Akwai lokacin da aka koya mana amfani da PHQ-9, wato takardar tambayoyi tara da ake auna tsananin ciwon damuwa da ita, domin a riƙa gane ko mara lafiya yana samun sauƙi daga wannan zuwa zuwa na gaba. Mun fara da zafi, sannan takardun suka ƙare a cikin durowa, wasu ma ba a cike rabinsu ba. Babu wanda ya hana mu, sai dai a taron mako shugaban sashenmu ba ya tambayar komai face yawan mutanen da kowa ya gani, ma'aikaci kuwa yana saurin gane abin da za a tambaye shi a kai.

Ban ɗora wa mutumin laifi ba, domin ƙwararren ma'aikaci ne da aka ɗaga saboda ya iya duba marasa lafiya, ba tare da kowa ya koya masa yadda ake jagorantar sauyi ba. Wannan giɓin ne Farfesa Gregory Aarons na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya yi ƙoƙarin cikewa da tsarin horon da ake kira LOCI, wanda aka buga sakamakon gwajinsa na farko a 2015, daga baya kuma aka yi amfani da shi a Norway wajen shigar da hanyoyin magance raunin zuciya da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Tsarin ya fi mayar da hankali kan shugaban da ke tare da ma'aikata kullum. Ana tattara ra'ayin na ƙasa da shi game da jagorancinsa, a nuna masa, a tsara abin da zai gyara, sannan mai horarwa ya riƙa tuntuɓarsa a kai a kai na tsawon watanni, ana kuma zama da manyan hukumar domin kada su sa shi tsaka mai wuya.

Ma'aunin jagoranci da Aarons da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya duba halaye huɗu na shugaba: shiri tun kafin matsala ta taso, sanin hanyar maganin, goyon bayan ma'aikata, da juriya. A ganina juriyar ce ta fi wuya, saboda sabuwar hanya takan rage saurin aiki a makonnin farko, layin jira ya ƙaru, ma'aikata su fara gunaguni, kuma a nan ne shugaban da ba a shirya shi ba yake soke sa'ar bitar aiki, wato lokacin da ake zama a duba yadda ma'aikata ke amfani da sabuwar hanyar, don a ga ƙarin mutum biyu. Shirin da Ingila ta fara a 2008 domin faɗaɗa maganin damuwa da fargaba ta hanyar tattaunawa ya gane haka, shi ya sa ya wajabta auna halin mara lafiya a kowane zama tare da duba aikin ma'aikaci a kai a kai.

Aiki bisa hujjar bincike, wato amfani da hanyoyin magani da bincike ya tabbatar, bai soke gogewar ma'aikaci ko zaɓin mara lafiya ba, kuma shugaban da ya fahimci hanyar shi ne zai iya bambance inda ya dace a sassauta da inda sassauci zai lalata maganin. Saboda haka, duk lokacin da aka nemi shawarata kan kasafin horo, nakan roƙi a fara sa sunan shugaban sashe a jerin, a kuma rubuta sa'ar bitar aiki a jadawalin mako yadda ake rubuta ranar ganin marasa lafiya.