Godiya ga waɗanda suka rufa wa Baba asiri

Alhamdulillahi. Jiya Juma'a Baba ya taka da ƙafarsa har masallaci, wayarsa kuma tana kan firji tun safe, bai ko tambaye ta ba. Wanda ya san abin da muka gani a wata bakwai ɗin nan ya san nauyin wannan magana. Wallahi na gaji, amma ba zan kwanta ban yi godiya ba.

Na san mai alheri ba ya son a nuna shi, amma ƙanena mai POS na wajen Ƙofar Ƙaura, yau sai ka yi haƙuri. Sau uku Baba yana kai maka kuɗin fansho ka tura asusun caca. A na huɗu ka ce masa babu netwok, ka rufe rumfa, ka zo gida bayan isha'i. A zaure ka tsaya, kanka a ƙasa, ka ce: "Yaya, ku duba Baba, wannan ba halinsa ba ne." Ba ka kai zancen majalisa ba. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya jiƙan mahaifanka, ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

A daren na leƙa ɗakinsa wajen ƙarfe uku. Hasken waya a fuskarsa, hannu na karkarwa, yana zuba kuɗi kan ƙwallon wata ƙasa da bai iya faɗin sunanta ba. Mutumin da ko ludo ya hana mu yi muna yara! Ya ɗago ya ce: "Na kasa bari." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likitar ƙwaƙwalwa da muka gani a Kano, Allah ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta yi: yaushe aka ƙara masa pramipexole, maganin cutar Parkinson da yake sha? Muka lissafa, sai ga shi cacar ta biyo bayan ƙarin. Ta ce cutar Parkinson ƙarancin sinadarin dopamin ce, maganin yana kwaikwayonsa don jiki ya saki, amma sinadarin ne kuma ke sa kwaɗayin sake abin da ya yi daɗi. Wasu caca, wasu sayayya, wasu ci ba ƙoshi. Ta hana mu yanke maganin lokaci guda, a hankali aka rage, aka dogara da wani maganin, levodopa. Karkarwar ta ɗan ƙaru, mun yarda da hakan.

Goggo da ta sayar da tumakinta biyu, Liman da bai taɓa canza wa Baba fuska ba, Allah ya biya ku da Aljanna.

Waɗanda suka ce sammu ne, da waɗanda ba su leƙo ba sai da suka ji ana zancen sayar da gona, mun gode, gonar tana nan. Baba ma ya tambaye ku jiya, na ce masa hidima ce ta yi muku yawa.