Ta'aziyya a Kamba, bakin iyaka

Rasuwar mijin gwaggona ce ta tashe ni daga Birnin Kebbi zuwa Kamba a ƙarshen damina. Da hantsi muka bar tasha, muka bi ta Kalgo muka nufi Bunza. Fadama ta cika fal, shinkafa kore shar har iya ganin ido, masunta na ta shanya koma a gefen hanya. Ruwan nan duk kudu ya dosa, ya je ya faɗa Kogin Neja, wanda ta jiharmu yake shigowa Najeriya.

Mun yi nisa da Bunza sai direba ya ce, "To, mun bar ƙasar Gwandu, mun shiga ta Argungu." Na leƙa ban ga allo ba, ban ga shinge ba, sai gero da ya sunkuya. Amma gaskiyarsa. Bunza ta Gwandu ce, Dandi kuwa, wadda Kamba ke hedikwatarta, tana ƙarƙashin Argungu, gidan zuriyar Kanta. Waɗannan biyun da Yawuri da Zuru su suka raba ƙananan hukumomi 21 na Kebbi.

Bayan an shafa fatiha na zauna kusa da Kawu a zaure. Ya haura tamanin, carbi na yawo a hannunsa. Na kawo masa zancen direba, sai ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa ƙaura daga gidan nan ba, amma sau uku ana sauya mini jiha." Ya shiga ƙirgawa da yatsu. A Lardin Sakkwato na Jihar Arewa aka haife shi. A 1967 Gowon ya mai da shi ɗan Arewa maso Yamma, a 1976 Murtala ya ce Sakkwato, a 1991 Babangida ya yanka Kebbi. Duk wannan bai dame shi ba.

Abin da ke cin ransa layin iyakar da ke bayan gari ne. Ƙanwarsa tana aure a Gaya, jihar Dosso ta Nijar, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba. Nono ɗaya suka sha, amma jikokinta Faransanci suke karatu, kuɗin da ke ɗaure a bakin zanenta kuma saifa ne. Ingila da Faransa suka ja layin. A yarjejeniyar 1898 sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, daga baya Faransawa suka koka cewa hanyarsu ta zuwa Damagaram ba rijiyoyi, aka sake gyarawa a 1904 da 1906. Ƙishin ayarin Bature aka duba, ba zumuncin Dandawa da Zabarmawa da Kabawa ba. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, an yi sunan jikan Kawu, ƙanwar tasa ba ta samu zuwa ba. Wannan karon ta zo, kwana uku tana riƙe da hannun gwaggo.

Ranar komawarta ni na ɗauki ƙullin kayanta har bakin shinge. Ta canza nairar da aka ba ta, ta hau kabu-kabu, ta juyo ta ce, "Ka gaishe da uwarka, ka ce ina nan tafe bayan girbi in hanya na buɗe."