Ƙaton Biskit da Rabin Albashina

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin sito, na yi sallama da gidan kek ɗin da na daɗe ina yi wa aiki a nan Kano. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma zan kama na mai shi ba. 'Yan'uwana masu wannan sana'a sun san irin gidajen da nake nufi, inda gaban shago ya sha gilashi da fitilu, baya kuma tanda uku ne da taga ɗaya. Mun rabu da Hajiya mai shagon lafiya a fatar baki. Ta ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin, ta ce ƙofa a buɗe take, na ce na gode. Sai dai 'yan matan da suka shigo bayana sun sha tambayata me ya sa nake ɗaure fuska in an tayar da maganar ƙaton biskit, alhali da shi aka fi sanin shagon. Yanzu da ba na cin albashin kowa, zan iya faɗa.

Wata baiwar Allah ce ta fara kawo mana shi. Sun yi zama a Amurka lokacin da mijinta ke karatu, suka dawo da ɗansu wanda zai cika shekara shida, yaron kuma ba ya cin kek. In an yanka masa sai ya lashe adon ya ture sauran. Ta nuna wa Hajiya hoto a waya: biskit ƙwaya ɗaya mai ɗigon cakulan, faɗinsa ya cika tire, an zagaye bakinsa da ado, an rubuta sunan yaro a tsakiya, an soka kyandir. A can abu ne da aka saba. Biskit mai ɗigon cakulan wata mata ce mai suna Ruth Wakefield ta fito da shi a gidan abincinta na Toll House a ƙarshen shekarun 1930, daga baya kamfanoni irin su Great American Cookies, wanda ya fara a Atlanta a 1977, suka mai da ƙatonsa abin yanka wa yara ranar zagayowar haihuwa. Duk wannan sai daga baya na karanta. A ranar dai abin da kunnena ya ji shi ne Hajiya na cewa, "Wannan ai ba komai ba ne, Maman yaro, kullum yi muke." Matar na fita Hajiya ta juyo gare ni ta ce, "Ke, biskit ne fa. Ki yi kwaɓin da kika saba, ki faɗaɗa shi."

Duk wadda ta taɓa tsayuwa gaban tanda ta san faɗaɗawa kawai ba ta yi. Ƙaramin biskit zafi na ratsa shi ta ko'ina cikin minti 10 zuwa 12. Wanda faɗinsa ya kai santimita 30 kuwa, gefe na riga tsakiya gasuwa da nisa. In kika jira tsakiya ta yi ƙarfi, gefe ya zama ƙanzo. In kika ji tsoro kika cire da wuri sosai, za a yanka a tarar da ɗanyen kwaɓi. Dabarar ita ce a fito da shi gefe ya yi ja, tsakiya na da sauran laushi, a bar shi cikin gwangwaninsa, zafin da ya riƙe ya ƙarasa gashin a waje. Ido zai ce miki bai gasu ba, ki rabu da ido. Kuma sai ya huce sarai kafin a taɓa shi, domin da ɗuminsa ba shi da ƙashi, kina ɗagawa zai rabe biyu. Kek in ya tsage ana lulluɓe shi da ado a wuce wurin, ba mai sani. Shi wannan fuskarsa a buɗe take, ba inda za ki ɓoye komai.

Tandarmu ta gas lambobinta ƙarya suke yi. Da kuɗina na sayi ma'aunin zafi a kasuwar Sabon Gari na rataya a ciki, na gane cewa in an murɗa ta a 175 zafin ya wuce haka, bayanta kuma ya fi gabanta wuta, don haka dole a juya gwangwanin in an kai rabin lokaci. Sai matsalar sukari. Laushin nan mai ɗan danƙo a haƙori da ake nema, jan sukari ne ke kawo shi, saboda ragowar ruwan rake da ke jikinsa na riƙe danshi, ɗan tsaminsa kuma shi ke tayar da beking soda. Na waje da ake sayarwa a manyan kantuna tsada gare shi, ba kullum ake samu ba. Sai na tuna mazarƙwailar da kakata kan zo mana da ita tsaraba daga Maƙarfi. Ai ita ma ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, ba a tace ta ba. Na kankare ta, na narka cikin bota a wuta kaɗan-kaɗan, na tace da rariya saboda yashi da ɓurɓushin rake, na bari ta huce kafin in fasa ƙwai. Ƙamshin da ya fito daga tandar nan har masu gadi sai da suka leƙo.

Lokacin hunturu ne, komai ya tsaya cak. Ni na kai biskit ɗin gidan yaron da kaina. Yaron ya zagaya tebur ya dube ni ya ce, "Anti, ke kika yi?" Kafin wata ya ƙare iyayen 'yan ajinsu sun fara bugo waya, domin ya fi kek arha, yara na ci da hannu, ba cokali ba faranti. Hajiya ta sa hoto a Instagram ta rubuta cewa sirri ne da ta koyo a wata tafiya da ta yi waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi wannan bai dame ni sosai ba. Tanda tata ce, gas nata ne, suna a allon ƙofa nata ne. Na ɗauka a tsakaninmu dai ta san wa ya yi.

Sai watan Afrilun 2024. Kun tuna yadda aka shiga watan nan: an ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan yunit, ninki uku da ɗoriya, man janareta kuma tun cire tallafi a 2023 ya zama abin lissafi. Fulawa da sukari a kasuwar Singa kowane sati da nasu farashin. Hajiya ta kafa doka: ba a kunna na'urar sanyaya ɗakin ado sai in baƙo zai shiga, ba a tayar da janareta don oda ɗaya. Ban ga laifinta a wannan ba, kowa ya ji a jikinsa. Amma bota ba ta san tsadar wuta ba. Da zafi ya kai digiri 32 zuwa 35 ta fara narkewa, Kano kuwa a Afrilu tana haura 40.

Bayan ƙaramar Sallah ne, ranar Asabar. Hajiya ta karɓi oda tun daren Juma'a daga matar wani babban mutum, biskit ɗin da ya fi wanda muka saba faɗi, a kai ƙarfe biyu na rana. Ba ta faɗa mini ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ta manta. Na kwaɓa, na gasa, ya fito lafiya wajen sha biyu da rabi. Ko minti ashirin bai yi a waje ba ta shigo ta ce in fara ado. Na ce, "Hajiya, don Allah a ba shi ko awa biyu. In aka sa masa yanzu narkewa zai yi, in aka ɗaga shi karyewa zai yi." Na ce a bugo wa mai odar a roƙi arziƙi, ai ba a yanka wa yara abu sai bayan la'asar. Ta ce ba irin mutanen da ake bugo wa a ce a jira ba ne. Na ce to a tayar da janareta ya ɗan sha sanyin firij. Ta ce mai ba ruwan rijiya ba ne. Na ce ko a rage botar adon a haɗa da majarin, ya fi jure zafi. Ta ce ta yi wa matar alƙawarin zallar bota. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke ce mai shagon ko ni?"

Na yi adon. Ina matsa sunan yarinyar ina ganin ƙasan haruffan na sheƙi. Motar shago mai sanyi ta tafi kai 'ya'yan Hajiya unguwa, sai aka ɗora wa yaron saƙonmu kwalin a cinya cikin adaidaita sahu, ƙarfe ɗaya da rabi, rana tsaka.

Matar da kanta ta dawo da shi. Ya tsage gida uku, shuɗin ado ya gangaro ya haɗu da ruwan hoda, sunan ba ya karantuwa. Ba ta yi ihu ba, ta ce dai 'yarta ta gayyaci ƙawayenta su zo su ga biskit mai sunanta. Hajiya ta sa aka kira ni gaban shago, ga kwastomomi a tsaye, ta ce, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Yarinyar sabuwa ce, ba ta gama koyo ba. Sai da na ce mata ta bari ya huce."

Sai da na ce mata ta bari ya huce. Na rusuna na ba matar haƙuri, domin ba tarbiyyata ba ce in ƙaryata babba a gaban baƙi, kuma ko na yi, wa zai ɗauki maganar mai ɗaure da atamfar aiki a kan ta mai zoben gwal? 'Yan mata biyu suna wurin lokacin da muka yi musu a ɗakin ado, ba wadda ta ɗaga kai. Ban riƙe su ba, ɗaya marainiya ce, ɗaya ita ke biya wa ƙannenta makaranta. Ƙarshen wata aka cire rabin albashina, wai kuɗin kaya da aka yi asara da kuɗin da aka mayar. Yaron saƙo ma aka yanke masa, wai bai riƙe da kyau ba. Rabin albashi ya dawo da wani watan. Kalmar "sabuwa" ce ba ta wuce mini ba, ni da na koya wa duk mai aiki a wurin yadda ake riƙe ledar ado. Kuma har na bar gidan Hajiya ba ta taɓa kirana gefe ta ce komai a kai ba. Washegari ma kiran ta yi ta ce akwai oda biyu ranar Laraba.

Na ci gaba da aiki, ina zubin adashi don sayen tandata. Amma daga ranar na canza abu ɗaya, kuma shi nake so ku 'yan matan da ke can shagon ku riƙe. Duk umarnin da kika san zai ɓata aiki, kada ki tsaya gardama, ki ce to, sannan ki tura saƙo ta WhatsApp cikin ladabi: "Hajiya, kamar yadda kika ce, zan sa adon yanzu duk da bai huce ba." Ba rashin kunya ba ne, kin dai sa maganar inda ba za ta juya ba. Sau da yawa da na tura irin wannan sai in ji an ƙwalo daga ofis, "To bari ya huce ɗin." Ashe ta san gaskiya, rubutu take tsoro.

Sauran ƙanana ne. Ƙaton biskit a gasa shi tun jiya, a naɗe a leda, ya fi daɗi in ya kwana. A bazara kada ya fita tsakanin sha ɗaya da la'asar, ko ɗan sarki ne ke bikin. A ɗora shi a kan katako ko kwali mai kauri wanda ba ya lanƙwasa. Ado a baki da suna kawai, shi kansa da zaƙinsa, in kika shafe shi duka yara biyu za su ci su ture. Uwa ta rubuto sunan ɗanta da hannunta, kada ki karɓa ta baki. A tambaya ko akwai yaron da gyaɗa ke ba wa matsala. A auna kaya da sikeli, ba da kofi ba. Littafin ma'auninki ya kwana a jakarki, ba a durowar shago ba.

Ga masu tambayar ma'auni na gwangwani mai faɗin santimita 28 zuwa 30: fulawa giram 250, bota giram 170, ƙwai ɗaya da ƙarin gwaiduwa ɗaya, beking soda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri rabinsa, garin masara mai laushi na kanti ƙaramin cokali biyu, cakulan da aka daddatsa giram 200 ko fiye. Kada a buga kwaɓin da yawa bayan an zuba fulawa, zai yi tauri. A shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, a danna kwaɓin da tafin hannu ya kwanta daidai, a gasa a digiri 170 zuwa 175 na minti 20 zuwa 25, in gefe ya fara duhu da wuri a rufa masa takardar foyil. Zaƙi duka-duka kimanin giram 200 ne. Nawa ne mazarƙwaila a ciki, nawa ne farin sukari, da yadda ake gane mazarƙwailar da ba ta ƙone ba a kasuwa, wannan ba zan rubuta a nan ba, domin na san wadda ke karanta shafina ba ta taɓa danna komai. An ce mini tun tafiyata an koma sayen jan sukarin waje, an kuma ƙara wa biskit ɗin kuɗi. Wadda ke son koya a cikinku ta same ni a gida ranar Lahadi bayan la'asar, ta zo da fulawarta da botarta, mazarƙwaila ina da ita.