Ni ce mai jinyar Kawu, har a takardar gwamnati

Ranar da likitar Kawu ta fara kawo maganar, bai ce uffan ba har muka fito. Sai da muka shiga mota na tayar, sannan ya ce, "Yanzu ni da furfurata za a ce in sha wiwi?" Ban tanka ba, don abin da ke raina ke nan ni ma. A lokacin an yi masa zagaye na uku na maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, ya rame har sai da na ƙara wa bel ɗinsa huji biyu. Ko ƙamshin girki ya ji sai zuciyarsa ta tashi. An gwada masa magungunan hana amai, suna riƙe aman, amma ba su dawo masa da marmarin abinci ba.

A jihar Mishigan ne wannan, cikin 2023. Na faɗi sunan jihar tun da wuri saboda a Amurka kowace jiha da tata dokar. Kalifoniya ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996, mutanen Mishigan kuma suka amince da tasu ta hanyar ƙuri'a a watan Nuwamban 2008. Dokar ta ba mara lafiya damar ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa sayo masa, ya ajiye, ya taimaka masa wajen amfani, ko ma ya noma masa. Shi wannan mutumin, wato mai jinya, sai an yi masa rajista an ba shi nasa katin.

Kawu ya yi kwana goma yana juya abin. Ya yi shawarwarinsa da waɗanda ya amince da iliminsu, ban shiga ba, ban kuma tambaye shi abin da suka ce ba. Wata safiya kawai ya ce, "'Yar nan, ki nemo takardun, amma ban da hayaƙi."

Ƙanena ne ya kamata ya zama mai jinyar, tunda shi ke kwana gidan. Har ya ɗauki biro. Allah ya sa na ce mu fara tambayar lauyan da ke riƙe da takardunsa na shige da fice. Mutumin bai bari na kai ƙarshen zancen ba ya ce kada yaron ya sa sunansa a ko'ina. Dalili kuwa, dokar tarayya ta 1970 ta jera wiwi a rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi, kuma harkar shige da fice ta gwamnatin tarayya ce, babu ruwanta da abin da jiha ta halatta. A watan Afrilun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta fitar da bayani ƙarara cewa mu'amala da wiwi na iya hana mutum samun takardar, ko da jiharsa ta yarda. Ƙanena katin zama na dindindin kawai gare shi. Ni na riga na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa shekaru shida baya, Kawu kuma tun kafin a haife ni. Haka abin ya faɗo kaina. Duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba, kada ya bari tausayin ɗan'uwa ya sa shi sa hannu kafin ya ga lauya. Wannan kam ina faɗa da babbar murya.

Rajistar kanta ba ta da wahala. Sai ka kai shekara 21. Ana binciken tarihinka, kuma wanda aka taɓa samu da babban laifi na ƙwaya ko na cin zarafi ba ya samu, haka wanda aka samu da kowane irin babban laifi cikin shekara goma da suka wuce. Likita ba ya rubuta wiwi kamar yadda yake rubuta sauran magunguna. Shaida yake bayarwa cewa mara lafiyar na da ɗaya daga cikin cututtukan da doka ta lissafa, irin su kansa, hawan jinin ido, farfaɗiya da ciwo mai tsanani da ya ƙi tafiya. Muka haɗa shaidar da kwafin katunanmu da dala 40, muka aika wa hukumar jihar a Lansin, babban birnin jihar. Aka dawo mana da su, don na manta ban sa hannu a shafina ba, laifina ne. A karo na biyu katuna suka zo, na shekara biyu.

Akwai wuri a fom ɗin da ake tambayar wa zai riƙe shukar, mara lafiya ko mai jinya. Doka ta yarda da tushe 12 ga kowane mara lafiya, a wuri rufaffe mai makulli, kuma mai jinya ɗaya zai iya ɗaukar marasa lafiya har biyar, wato tushe 60 ke nan. Shi ya sa wasu suka mayar da jinyar rabin sana'a. Ni da ko fulawar tukunya ba ta yin wata a hannuna, ban ko yi tunanin noma ba. Abin da ya shafe ni shi ne iyakar da zan iya riƙewa domin Kawu: oza biyu da rabi, giram 70 da ɗan ɗoriya. Ban taɓa kusantar rabinta ba.

Wata abokiyar aikina ta ce wahalar banza na sha, tunda tun 2018 Mishigan ta halatta wa duk mai shekara 21 ya saya. Tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Amma mai katin magani ba ya biyan harajin kashi 10 da aka ɗora wa masu sha don nishaɗi, na kashi 6 kawai yake biya, kuma inshora ba ta biyan ko sisi, daga aljihu ne. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci a wurina shi ne, in wani ya tambaye ni me wannan kwalba take yi a jakata, akwai takardar da ta haɗa sunana da na Kawu da na likitarsa.

Shigata shagon ta farko, na fi minti ashirin a mota ina dube-dube ko wani ya san ni. A ƙofa aka duba katin da lasisin tuƙina. Da tsabar kuɗi na biya, saboda yawancin bankuna na gudun harkar. Yaron da ke kanta yana da fara'a, sai dai yana ta zuba bayani kamar wanda ya yi karatun likita, alhali ɗan kasuwa ne. Na saurare shi, na koma kan abin da likita ta ce: a fara da kaɗan, a ƙara a hankali. Na sayi mai da ake ɗigawa ƙarƙashin harshe da wata 'yar alawa mai taushi. A jikin kowanne an rubuta yawan sinadarin THC, mai sa maye, da na CBD, wanda ba ya sawa. Kafin Kawu ya taɓa ko ɗaya sai da na kai wa mai haɗa magungunansa ya duba, don wiwi na iya cin karo da wasu magunguna, musamman na tsinka jini.

Da duk wannan taka-tsantsan, a mako na biyu na yi sakaci. Na ba shi rabin alawa bayan magariba, na bar gwangwanin a kan tebur na shiga wanka. Ita wadda ake ci ba ta nuna kanta da wuri, tana iya ɗaukar awa biyu. Kawu ya jira rabin awa bai ji komai ba, ya ga ai alawa ce, ya ƙara. Wajen ƙarfe goma na same shi zaune a bakin gado, ya riƙe katifa da hannu biyu, idanu jajur, yana cewa ɗakin na juyawa.

Na durƙusa na ce, "Kawu, guda nawa aka ci?"

Ya ɗaga yatsu biyu, ya sake dubansu, ya ƙara na uku.

Na kira lambar asibiti ta dare. Ma'aikaciyar jinyar ta yi tambayoyinta, ta ce in zauna da shi, kada ya tashi shi kaɗai, in numfashinsa ko bugun zuciyarsa ya canza in kira motar asibiti. Faɗuwa na fi tsoro, tsoho mai raunin jiki a kan tayil ɗin banɗaki. Na kwana a kujera. Da asuba ya farka garau, ya ce kunya ce kawai ta rage masa.

Tun daga ranar akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli a saman kabad, makullin yana tare da na motata. Akwai kuma littafi: kwanan wata, ƙarfe nawa, ɗigo nawa, me ya ci bayan nan, yaya barcinsa. Littafin ne ya nuna mana cewa alawar ba tasa ba ce, ɗigon da yamma ya fi masa. Likitarsa ta fi karanta littafin nan a kan sauraron bakina. Wiwi bai taɓa kansar ba, kada wani ya yaudare ku da wannan. Cin abinci ya dawo masa da shi, da barci.

Katin yana da iyakarsa. Ba ya ba ni damar taɓa ko ɗigo don kaina, ko in sam wa wani. Ba ya ba ni damar tsallaka iyakar jiha da wiwin. Da za mu je biki jihar Ohayo, a gida muka bar akwatin, balle gadar da ke haɗa birnin Ditroit da Kanada. Da aka kwantar da Kawu na kwana huɗu, asibitin ya ce ba a shiga da wiwi, ban yi musu ba.

Maganar mutane kuwa, ta zo. Wata 'yar'uwa ta bugo waya tana zagaye-zagaye, wai ta ji an ce ana ganina a wani irin shago. Kafin in buɗe baki Kawu ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya ce, "Ni na aike ta." Ya kashe, ya tura mini kwanonsa ya ce in ƙaro masa miya.